Tafkin Da Muka Ce Ba Kifi

Washegarin sadakar arba'in ɗin Dakta Wasfi na isa ƙaramar ƙofar da ke bayan gonarsa da sassafe, gorar fatsata a kafaɗa, kwandon kaba a hannu. Na zura makulli, ya ƙi shiga. Na goga shi a jikin riga na sake zurawa, ya ƙi. Sai can na lura ashe kwaɗon ne ba namu ba, wani sabo ne dal mai ruwan tagulla.

Milad tela ya iso bayana yana jan ƙafarsa mai ciwo. Shekara talatin da ɗaya ke nan muna shiga ta wannan ƙofa ni da shi, shi da zanen gicciye a wuyan hannunsa, ni da carbi a aljihu, kuma ko sau ɗaya bai taɓa riga ni zuwa ba.

Ya ce, "Me kake jira, ya Abu Hanan? Tsufan har ya kai ka manta yadda ake buɗe ƙofa?"

Na ce, "Bismillah, ya Mukaddis, zo ka buɗe tunda kai ne gwani." Haka muke kiran Kiristan da ya je ziyarar ibada, kamar alhaji a wurinmu.

Ya sunkuya ya dubi kwaɗon, ya ɗago ya dube ni. Muna nan tsaye sai ga kan Gum'a mai gadi ya leƙo ta saman katanga, yana tauna burodi.

Ya ce, "Ku yi haƙuri, Ammu Uwais. Umarnin Daktora ne." Ammu, wato baffa, haka na baya ke kirana.

"Wace Daktora kuma?"

"Daktora Iglal mana, 'yar marigayi. Ta dawo daga Alƙahira da kayanta, gona ta zama tata. Ta ce a rufe bayan nan, don ranar Asabar ta sama motoci za su fara zuba ƙasa a cike tafkin, a dasa mangwaro." Ya haɗiye lomarsa ya yi dariya. "Ai hutu ne ya zo muku. Ku da kuke cewa ba komai a ciki sai sauro da ciwon baya?"

Na buɗe baki zan zage shi, sai na tuna maganata ce ya maido mini ba ragi ba ƙari.

Ga yadda abin ya samo asali. Ni ma'aikacin ban ruwa ne kafin na yi ritaya, aikina buɗe ƙofar ruwa da rufe ta a kan magudanar da ta ratsa ƙauyenmu a nan Fayyum. Wata shekara bakin magudanar ya ɓalle kusa da gonar Dakta, na shiga ruwa har wuya ina jera buhunan ƙasa, Milad na miƙo mini, har muka tare shi kafin ya ci gonar lemo. Dakta ya ce mu faɗi abin da muke so. Ni dai tun ina yaro idona na kan tafkin nan da ke cikin katangarsa, mai faɗin eka huɗu, kacala ta zagaye shi, don haka na ce a bar mu mu riƙa jefa fatsa. Ya ba mu makulli ya ce, "Ku biyu, ba na uku. Ba na son hayaniya."

Ranar farko na kama karfasa goma sha ɗaya da ragon ruwa mai tsawon hannuna. Murna ba ta daɗe ba tsoro ya maye gurbinta. A garinmu ba a faɗin yawan nonon da saniya ta bayar, ba a ƙirga 'yan tsaki a gaban baƙo, kowa ya san ido yana fasa dutse. Mahaifina ya yi asarar ɓaunar gida mai ciki kwana biyu bayan wani ya tsaya ya ce kai, wannan dabba da kyau take, bai ce Masha Allah ba. To tafki guda cike da kifi fa? Muka yanko ciyawa muka rufe saman kwandunanmu. Da muka biyo ta gaban gidan gahawa aka ce me aka samu, na ce, "Sauro da ciwon baya. Ruwan ya mutu, gishiri ya cinye shi." Aka yi dariya, muka wuce.

Maganar da na yi don ta raba ni da tambayar yini ɗaya, ita na yi ta maimaitawa shekara talatin da ɗaya. Har akuya na saya don kada a ce me nake yi da ciyawa kullum. Matata Nagat, uwar 'yarmu Hanan, ta ƙware: ta rufe tagogi, ta toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ta ɗora albasa a wuta har ta ƙone don ta danne ƙamshi, sannan ta soya. Ƙaya kuwa ba ta zuwa juji, kada kyanwa ta jawo ta ta tona mana asiri. A gindin bishiyar lemon tsami da ke tsakar gida muke binne ta. Bishiyar ta yi ta 'ya'ya har rassa na karyewa, mata na tambayar Nagat sirrin, tana cewa baiwa ce daga Allah. Kowace Alhamis kuma nakan naɗe mafi kyawun kifin a jarida na miƙa wa kukun Dakta ta ƙofar kicin. Shi ma Dakta bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Wahalar ta fi yawa ta wajen maƙwabciyarmu Fathiyya, don bango ɗaya ne tsakaninmu. Mijinta ya faɗo daga bishiyar dabino ya rasu ya bar ta da 'ya'ya uku ƙanana, ta raine su da sayar da ganye a kasuwa. Wani lokaci ina fitowa da yamma sai babbansu ya ce, "Ammu Uwais, kifi ake soyawa a gidanku?" Nakan ce, "Kifi a ina? Albasa ce ta ƙone." Ba wai rowa ba ce, haka nake gaya wa kaina. In na ba gida ɗaya, kafin la'asar gari ya ji.

Abu guda ne na kasa binnewa. Sau bakwai a tsawon shekarun nan na ja giwan ruwa, irin wanda sai mutum biyu sun kama suke fito da shi. Kawunan na yi musu gishiri na shanya a ɓoye, na jera a wani tsohon akwati a saman soro, bayan ɗakin tattabaru. In raina ya ɓaci sai na hau na buɗe na yi ta kallonsu ni kaɗai. Babu azabar da ta kai ta masunci da ya kama irin wannan kifi amma ba shi da bakin faɗa.

To yanzu ga kwaɗo, ga kwana tara kafin Asabar.

Kwanakin nan ban san inda zan sa kaina ba. Na tashi da asuba kamar kullum, na yi salla, na tono tana a gindin randa, sai na tuna ba inda za ni. Na zauna a tsakar gida, na tashi na koma ƙofar gida, na dawo na hau soro, na sauko. Na kwance famfon da lafiyarsa lau na kasa mayar da shi. Na yi faɗa da akuya. A rana ta uku Nagat ta ajiye tsintsiya ta ce, "Wallahi ya Abu Hanan, in ba ka fita ka nemi inda za ka tsuguna ba, ni zan tafi gidan Hanan sai bayan salla. Kana ta zirga-zirga kamar kazar da ke neman wurin ƙwai."

Na ɗauki gora na tafi magudanar gari. Leda ce da robobi da wani mataccen kare ke wucewa ta gabana. Na kama takalmi ƙafa ɗaya. Na naɗe igiyata na tafi na zagaya katangar gonar Dakta sau biyu, na sami wata ɓaraka na leƙa. Ruwan na nan kwance, balbela na tsaye a inda nake zama, can tsakiya wani abu ya yi juyi, da'ira ta buɗe har ta taɓa kacala. Na ji kamar an soka mini allura a ƙirji.

Na je wurin Umda, mai garinmu, na sha shayinsa har kofi biyu ina kewaye-kewaye, sannan na ce ko zai sa baki a bar tafkin.

Ya ce, "Ikon Allah! Ai ni na ba ta shawara. Ta zo nan ta tambaye ni ko ruwan na da amfani, na ce ga wanda ya fi kowa sani, shekara talatin yana zuwa bai taɓa kawo ko kwaɗon ruwa ba. Ta tambaya a gidan gahawa, haka. Mata ma sun kai mata kukan sauro. Kowa da bakinka ya yi shaida, ya Abu Hanan. Mene ne kuma yanzu?"

Na ce iskar wurin ce ke yi mini daɗi. Ya ce iska ai ko a kan soronka akwai ta.

Daga nan na wuce shagon Milad. Na same shi zaune gaban kekensa, ba ya ɗinka komai, yana ta ɗaura ƙugiya a jikin igiya yana kwancewa.

Na ce, "Ƙaiƙayi ya koma kan masheƙiya, ya Mukaddis. Sai dai mu faɗi gaskiya."

Ya zabura kamar na taka masa ƙafar mai ciwon. "Ka haukace? Ka faɗa, gari duka ya zuba wa ruwan ido, kwana uku kifin ya taso ciki sama. Mu ce mata akwai aljana a ciki, duk wanda ya zuba ƙasa hannunsa zai shanye."

"Matar da ta yi karatun ƙasa da tsirrai har ta zama Daktora za ka tsorata da aljana?"

"To mu ce kabarin waliyyi ne a ƙarƙashin ruwan."

"Waliyyinku ko namu?"

"Duk wanda ya fi saurin hana mota."

Muka yi dariya ba don daɗi ba. Da zan tafi ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Uwais, in ka faɗa, da wane ido za mu kalli mutane?" A lokacin ban damu da mutane ba, tafkin kawai nake gani.

Ranar Laraba na sa farar rigata ta Juma'a, na naɗa rawani, na bi ta babbar ƙofa, wadda ban taɓa bi ba. Daktora Iglal na barandar gidan, mace mai kimanin shekara hamsin, gilashi a goshi, takalmin roba duk taɓo, takardu baje a kan tebur. Na san ta tana yarinya lokacin da take zuwa hutun bazara, amma ba mu taɓa magana ba. Ta tashi ta gaishe ni da mutunci, ta sa aka kawo shayi. Na yi mata ta'aziyya, na yabi marigayi, na yabi lemo, na yabi har karen gidan.

Ta ce, "Ammu Uwais, na san don makulli ka zo. Gum'a ya gaya mini kana zagaya katanga. In wurin zama kake so, ga lambu nan, zan sa a ajiye maka kujera a inuwa, ka zo duk ranar da ka ga dama."

Na ce, "Ba kujera nake so ba, ya Daktora."

"To me?"

Na duba dama da hagu. Na karanta Falaƙi a zuciyata. Na sunkuyo na ce a hankali, "Akwai kifi."

"Na'am?"

"Akwai kifi a ciki. Da yawa. Karfasa, tarwaɗa, ragon ruwa, har giwan ruwa."

Ta sauko da gilashinta ta dube ni da kyau. "Mutum fiye da goma na tambaya a garin nan, kowa ya ce ruwan matacce ne, kuma kowa ya ce kai ka faɗa. Yau kuma da na sa kwaɗo sai kifi ya cika shi? Wacce zan ɗauka, ta shekara talatin ko ta yau?"

Na ce ta yau. Ta ce to me ya sa na yi ta da. Na ce saboda ido. Na ga tana ƙoƙarin danne dariya, abin ya ƙona mini rai fiye da a ce zagina ta yi.

Ta ce, "Na riga na yi magana da masu motoci. Amma ba zan binne abu mai rai a kan jita-jita ba. Ranar Asabar zan sa su jira har azahar. Ka zo da fatsarka ka nuna mini. In na gani da idona, a fasa. In ban gani ba, kada ka sake zagaya mini katanga."

Na roƙe ta kada kowa ya ji. Ta ce ita ba za ta faɗa ba. Na manta Gum'a na tsaye bayan ginshiƙi da tiren shayi, shi kuwa cikinsa ba ya riƙe ko ruwa.

Ranar Asabar da muka iso ni da Milad, motoci uku na jere a bakin tafkin cike da jar ƙasa, injinansu na ruri don direbobin sun ƙi kashewa. A kan katanga kuwa mutane ne kamar an shanya su: 'yan gidan gahawa, manoma da fartanyoyinsu, mata da tiren wanke-wanke a ka, har Umda an kawo masa kujera. Milad ya yi alamar gicciye ya ce, "Shi ke nan, sun cinye shi."

Na zauna a wurina na kullum, gindin wata tsohuwar bishiyar giginya, na soka tana, na yi bismillah na jefa. Totuwar da ke kan igiyar ta zauna a kan ruwa kamar an kafe ta da ƙusa. Na jira. Na ja na duba tanar, tana nan lafiyarta ƙalau. Na koma kusa da kacala. Na canza zuwa ƙullin gari. Na cire rawani na mayar. Milad ya tafi ɗaya gefen yana magana da ruwa ƙasa-ƙasa, yana roƙon kifin da sunan duk wani tsarkakken da ya sani.

Wani daga kan katanga ya ce, "Ammu Uwais, ka kamo mana sauro ko guda biyu mu gani!"

Wani ya ce, "Ku bar shi, ciwon bayan ne ya fara ci!"

Daktora na tsaye da hannu a aljihu, tana duba agogo. Ta ce ƙila rurin motocin ne ya kori kifin zuwa tsakiya, ta sa aka kashe. Ni na san abin da ya kore su, ido ɗari ne a kan ruwan. Hantsi ya dubi ludayi, ya wuce, inuwar giginya ta tattare ta dawo ƙarƙashina. Gumi ya jiƙa mini riga. A wurin nan da nake cika kwando kafin rana ta yi zafi, ko taɓa igiyata ba a yi ba. Na tashi, na zauna, na tashi. Direban motar farko ya hau mazauninsa ya kunna taba. Daga masallacin gari na ji ladan yana hura lasifika yana gwadawa.

Daktora ta matso ta ce a hankali, "Ammu Uwais, ya isa haka. Ka tashi ka huta."

Idona ya kawo ruwa, tsoho da ni, a gaban gari. Sai na ji hayaniyar kan katanga ta canza, ana cewa a ba ta hanya, a ba ta hanya.

Nagat ce. Ta shigo ta babbar ƙofa cikin baƙin mayafinta, da babbar tasar wanki a ka, tana tafe tana haki. Matar da shekara talatin take toshe ƙasan ƙofa da tsumma. Ta zo gaban Daktora ta sauke tasar, ta yaye buhun da ta rufe ta da shi, ta fara fito da su ɗaya-ɗaya tana jerawa a kan ciyawa. Kawunan giwan ruwana bakwai, busassu, bakuna a wangame, babban cikinsu kan yaro zai shige ciki. A ƙasan tasar kuma ƙaya ce da ƙasusuwa haɗe da ƙasar gindin lemon tsami.

Ta ce, "Ga shi nan, ya Daktora. Wannan na shekarar da aka yi wa Hanan aure ne. Wannan shi ya karya masa gora har ya yi sati ba ya magana. Ƙayar nan kuwa kaɗan na tono, in kina so ki aiko mota, tsakar gidana duk ita ce. Ni na soya su da hannuna, hayaƙin albasa ya gama cinye mini ido. Na gaji."

Wani ya ce ƙila a kasuwa ya saya. Mai sayar da kifin garinmu ya ɗaga murya daga kan katanga ya ce, "A wurin wa? Wallahi mutumin nan bai taɓa sayen ko ƙaramar karfasa a hannuna ba. Ni na ɗauka ba sa cin kifi a gidansu!"

Daktora ta tsuguna ta ɗauki babban kan, ta juya shi, ta ga ƙugiyar da ta yi tsatsa a leɓensa, wadda na bari don tunawa. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Kifin ranar Alhamis. Wanda ake kawowa a jarida."

Na ce, "Ni ne."

"Baba ya ce mana daga tafkin Ƙarun ake aiko masa." Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu. "Ashe har da shi a cikinku."

Ta miƙe ta yi wa direbobin hannu su juya, ta ce su kai ƙasar can ƙarshen gona inda ruwa ke kwanciya. Ladan ya kira salla. Milad ya zauna daɓas a ƙasa yana ta sumbatar hannunsa ciki da baya don godiya ga Allah. Ni kuwa daɗi ya rufe ni, na ce a raina ko yanzu na mutu na gode Allah.

Sannan na ji muryar Fathiyya. Tana tsaye can gefe da kwandon ganyenta, ba ta ɗaga murya ba, kuma ba da ni take ba, da Nagat take.

Ta ce, "Ashe yaran nan gaskiya suke faɗa, ya Ummu Hanan. Sai su zo su ce Mama ana soya kifi a gidan Ammu Uwais. Na sha dukan babban a kan haka. Ina ce masa kada ya sake yi wa dattijo ƙarya, kuma kada ya koyi kwaɗayi."

Nagat ta ja mayafi ta rufe fuska. Fathiyya ta gyara kwandonta ta juya ta tafi. Ba wanda ya yi dariya, mutanen kan katanga suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya.

Daktora ta karɓi sabon makulli daga hannun Gum'a. Ta riƙe shi tana dubana, ta ce, "Ku biyu, kamar yadda Baba ya ce. Kowace Juma'a kuma duk mai fatsa a garin nan zai iya shiga, ban da taru. Sharaɗina ɗaya ne a kanka, Ammu Uwais: ciyawar nan a bar wa akuya. Yadda kwandonka ya fita daga nan, haka zai ratsa gari, a buɗe."

Na karɓa da hannu biyu. Na yi tsammanin ranar zan yi barci irin wanda na yi kwana tara ban yi ba, amma da la'asar ina kwance a kan tabarma ina kallon bangon da ya raba mu da Fathiyya, ina juyi.

Washegari Lahadi Milad ya tafi coci, na shiga ni kaɗai. Ruwan ya kwanta, balbela ta matsa ta ba ni wuri. Ban gama zama ba totuwa ta nutse. Idon gari bai kashe ko ɗaya ba. Kafin hantsi na kama karfasa tara da tarwaɗa biyu. Hannuna ya kai ga ciyawa da kansa, na janye shi.

Hanyar gida ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba. A gaban gidan gahawa aka ce me aka samu, na karkata kwandon suka gani, suka ce Masha Allah, wasu da zuciya ɗaya, wasu ta hanci. Na wuce ƙofar gidana ban shiga ba, na ƙwanƙwasa ta gaba da ita.

Fathiyya ta buɗe. Gidan shiru, ba motsin kowa. Babban ɗan nata yana Libiya yana aikin gini, na biyun yana tuƙa mota a Alƙahira, 'yar kuma ta yi aure a wani gari. Na ajiye kwandon a bakin ƙofa na ce, "Naki ne duka, ya Sitt Fathiyya."

Ta dubi kifin, suna ta motsa baki. Ta ce Masha Allah. Ta sunkuya ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ɗaga wancan ta ajiye, ta zaɓi mafi ƙanƙanta a cikinsu.

Na ce, "Haba, ki ƙara mana. Ki ɗauki manyan."

Ta ce, "Wa zai ci, ya Abu Hanan? Ɗaya ya ishe ni. Masu jin ƙamshin sun girma."

Ta yi mini godiya ta mayar da ƙofa a hankali. Na ɗauki kwandona, kifi goma a ciki, na tsaya a tsakanin ƙofofin biyu da makulli a aljihu, ban san inda zan kai su ba.